Akiyon da Aka Ɗauka Aikin Soja

A duk ƙauyukan da ke arewa da tafkin Inari babu wanda yake son Uula ɗan Piera ya zuba masa ido. Ba maita gare shi ba, ko kusa. Abin da ya sa shi ne, sana'arsa sassaƙa akiyo ce, kuma in ya kalle ka daga sama har ƙasa, to ya riga ya auna ka, ya san tsawon akiyon da zai ɗauke ka ba tare da ya nemi igiyar awo ba. Shi kuwa akiyo a wajenmu ba abin hawa ba ne kawai. Rabin kwalekwale ne mai tsinin hanci, bayansa a datse da allo, barewa tana jan sa a kan ƙanƙara, kuma a gidajen da suka riƙe al'adar da, a cikinsa ake kwantar da mutum ranar da ya cika, a binne su tare. Shi ya sa in Uula ya ɗaga kai a bakin coci sai ka ji wata tsohuwa ta ce, "Kai ɗan Piera, ɗauke idonka daga kaina, ban shirya ba tukuna."

Shi kansa awonsa ba wuya. Guntu ne, kuma tun haihuwa ƙafarsa ta hagu ba ta kai ta dama ba. In yana tafiya a ƙasa sai tausayi ya kama ka. Amma bari ya ɗaura katakon zamiya a ƙafa, sai dai ka hangi ƙurar ƙanƙara a bayansa.

A gidansu uba ne yake zaɓa wa ɗa itace. Ranar da aka haifi Uula, Piera ya shiga daji ya sami wani ɗan itace mai farin ɓawo wanda ya lanƙwaso tun daga tushe, ya yanka masa alamar gidan, irin wadda suke yi wa barewarsu a kunne, tsaga biyu da ɗan gutsure. Da Uula ya cika shekara ashirin da biyar ya sare itacen, ya yi ƙashin bayan akiyonsa da shi, ya shafe shi da kwaltar itace har sau bakwai, ya sake yanka alamar a hancinsa. Itace ɗaya uba yake zaɓa, saboda haka akiyo ɗaya mutum yake da shi. Kakarsa ta sha gaya masa cewa tafiyar da ke bayan mutuwa doguwa ce, ƙanƙara har ƙugu, kuma wanda ya je babu akiyo da ƙafa zai taka. Fasto ya ce wannan tatsuniyar tsofaffi ce. Uula bai taɓa musu da fasto ba, yana zuwa coci, yana rera waƙa da wata murya mai ban haushi. Sai dai a ransa yana cewa shi fasto ai ƙafafunsa biyu lafiya lau suke.

Da yaƙi ya ɓarke da Rasha a sanyin 1939, Uula ya kai kansa kamar kowa. Likitan soja ya dube shi sau ɗaya ya ce ya koma gida ya kula da barewa. Bayan mako uku wani saje ya zo ƙauye da takarda, yana tattara akiyo don rundunar da ke tsare duwatsun arewa, inda mota ba ta shiga, doki kuma ya nutse har ciki. Ya ɗauki goma sha ɗaya a rumfar Uula. Na goma sha biyun, nasa na kansa, yana rataye can sama a ƙarƙashin rufi, baƙi wuluk, yana ƙyalli. Saje ya ce a sauko da shi ma.

Matarsa Ristiina ta same shi a ƙofa yana cusa busasshiyar ciyawa a takalminsa na fata, kamar yadda muke yi in tafiya mai nisa ce.

"Ina kuma za ka?" in ji ta.

"Sun ɗauki akiyona."

"To ai akiyon aka kira, ba kai ba. Kai an ce ka yi gajere."

"Waɗannan 'yan kudun ba su san hanci da baya ba. Kwana uku za su fasa shi."

"Wato katako ya fi matarka ba ka tausayi ke nan."

"Ke ai ba a ɗauke ki ba."

Ta cika masa jaka da busasshen nama da cuku da gahawa, tana yi tana zaginsa, hawaye na zuba. Haka Uula ya shiga yaƙi, yana bin akiyonsa a baya.

A sansani saje ya kore shi sau biyu. A na uku ya tarar ya gyara akiyo huɗu da sojoji suka farfasa, sai ya yi kamar bai gan shi ba. Ba a ba shi kaki ba, ba a ba shi bindiga ba, ba a kuma rubuta sunansa a ko'ina ba. Guntu kawai ake ce masa. Shi ya koya musu aikin. Mutum biyu a gaba, igiya a ƙugu, suna ja a kan katakon zamiya. Na uku a baya, riƙe da igiyar baya. A hawa na gaba ne ke shan wuya, amma a gangara ran kowa yana hannun na baya, domin in ya saki, akiyo zai kwashe ƙafafun na gaba, in ya ja da ƙarfi kuma ya kife. Doka ɗaya ce yake faɗa a kanta har jijiyar wuya ta tashi: in an kwantar da mai rauni, kada a bar gurbi ko na tafin hannu. A cusa ciyawa, a cusa bargo, a cusa duk abin da aka samu, domin mutum in ya zame a ciki lokacin gangara, raunin da aka ɗaure zai buɗe.

Nasa akiyon kuwa burodi yake ɗauka da harsashi da tukunyar gahawa. Mutum dai bai yarda ya kwanta a ciki ba, kuma ko ya yarda ba wanda zai shiga, don daidai tsawonsa ya yi shi.

Wanda ya fi kowa tsokanarsa wani kofur ne, Tauno, mai gasa burodi daga birnin Tampere da ke kudu. Dogo ne har in zai shiga tanti sai ya naɗe kamar tabarma.

"Guntu, don Allah wannan akiyo ne ko kwanon wankan jariri?"

"Taɓa shi ka gani."

"To auna ni mana. An ce kai da ido kake yi."

Uula ya hura gahawarsa, ya jefa gishiri da ɗan cuku a ciki, bai ko ɗaga kai ba. "Kai sai an sare itace biyu. Asara ke nan."

Sojoji suka fashe da dariya, Tauno ya fi kowa.

Wata safiya a farkon Maris, rana ta fito fes, sanyi kuwa ya kai inda in ka tofa yawu sai ka ji ya faɗi da ƙara. Suna kan wani tsauni sai aka fara yi musu ruwan bama-bamai. Kafin hantsi an kwashe masu rauni shida a akiyo shida, an wuce da su. Sai bam na ƙarshe ya faɗo kusa da Tauno, ya karya masa cinya, jini yana tsartuwa. Mai magani ya ɗaure wurin, ya ɗaura masa sanda tun daga ƙugu har diddige, ya ce in ba a kai shi wurin likita kafin rana ta faɗi ba, to a fara yi masa addu'a. Tsakaninsu da likita akwai tsauni guda da doguwar gangara. Akiyo ɗaya ya rage, na Uula.

Sojoji biyu da suka rage suka dubi Uula, suka kawar da kai.

Uula ya zubar da burodin da ke ciki a kan ƙanƙara. Suka ɗaga Tauno suka gwada, allon baya ya tokare shi a gwiwa, ƙafar kuma ba ta lanƙwasuwa. Tauno ya ciji leɓe, fuskarsa fari fat, amma bakin nan bai mutu ba.

"Na gaya maka na jariri ne, Guntu."

"Rufe mini baki, Dogo."

Uula ya zaro ɗan gatarinsa daga ɗamara. Ya tsaya kamar na ɗan numfashi uku yana kallon allon nan da ya sassaƙa da hannunsa, inda tafin ƙafarsa zai jingina ranar tafiya. Sa'an nan ya buge shi. Bugu huɗu allon ya fita. Ya ɓalle katakai daga akwatin harsashi, ya karɓi katakon zamiyar Tauno ya raba biyu, ya ƙara wa akiyon tsawo, ya ɗaure da jijiyar barewa da tsumma. Da aka kwantar da Tauno ya shiga daidai, sai dai gefe da gefe akwai gurbi, kuma babu bargo ko ɗaya, duk an tafi da su. Uula ya zauna ya kwance takalmansa, ya zazzage ciyawar da ke ciki ya cusa a gefen cinyar. Ba ta isa ba. Ya cire safar hannunsa ta fata, duka biyun, ya danna su a ƙarƙashin diddigen.

"Guntu, hannunka zai mutu," in ji ɗaya daga cikin sojojin.

"Kai dai ja."

Suka yi ta ja har rana ta take tsaka kafin su kai ƙoli. A nan suka tsaya, domin abin da suka gani ya fi ƙarfin a wuce. Duniya gaba ɗaya fari, tsauni bayan tsauni har inda ido ya gaza, ba itace, ba hayaƙi, ba ƙarar bindiga, kuma a sama rana ta yi 'yan rakiya biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, da wani babban zobe na haske da ya haɗa su. Uula an haife shi a ƙasar nan, ya ga irin wannan ba sau ɗaya ba, amma ranar tsigar jikinsa ta tashi. Tauno yana kwance fuskarsa sama ya ce a hankali, "Guntu, rana uku nake gani. Na mutu ke nan?"

"Da ka mutu da mun huta da surutunka."

Sa'an nan suka fuskanci gangara. Sojojin nan biyu sun ba da labarin har suka tsufa, kuma kullum sai muryarsu ta sauka in sun zo wurin. Gangarar ƙanƙara ce daskararriya kamar gilashi, ƙasa kuma duwatsu. Uula ya naɗe igiyar baya a hannu tsirara, ya buɗe katakonsa, ya kwanta da baya har ɗuwawunsa na shafar ƙasa. Gurguwar ƙafar nan da ake yi wa dariya ita ya sa a gefen tudu, ta zauna daram kamar don wurin aka halicce ta. Akiyo ya yi ta sauka yana huci, hagu, dama, hagu, bai girgiza ba, bai karkata ba. Tauno ya ce daga baya ko a gadon uwarsa bai taɓa kwanciya mai taushi haka ba. Da suka kai ƙasa, sai da aka yanke igiyar da wuƙa, domin yatsun Uula sun ƙi buɗewa.

A wurin likita aka yi abin da ya dace, shi ne kuma ya cuci Uula. Likita ya duba yadda aka shirya mai raunin ya ce kada wanda ya taɓa shi, a ɗauke shi da akiyon gaba ɗaya a sa a mota. Lokacin Uula yana cikin tanti, hannuwansa a cikin ruwa, yana cizon hula don azaba. Da ya fito mota ta tafi. Bayan kwana tara aka tsagaita wuta.

Ya dawo gida babu yatsun hannu biyu, babu na ƙafa uku, babu akiyo. Ristiina ta dube shi ta ce, "Ka tafi rakiyar katako, ka dawo ba kai ba katako." Sa'an nan ta rungume shi har ya ce za ta ƙarasa abin da Rasha ta fara.

Ya sa fasto ya rubuta wasiƙu zuwa ga hukumar soja, yana neman akiyonsa. Amsa ɗaya ce ta zo, cewa ba a san wani soja mai wannan suna ba. Wani yaƙin ya zo ya wuce, aka kwashe mutanenmu zuwa kudu, aka dawo aka tarar da gidaje toka. Uula ya sake gina rumfa, ya ci gaba da yi wa mutane akiyo da yatsu takwas, kuma har yau ban ga aikin da ya kai nasa ba. Amma bai yi wa kansa ba.

"Daji cike da itace," Ristiina takan ce.

"Wanne ne ubana ya zaɓa a ciki?"

"To sai ka taka da ƙafa, mai taurin kai."

"Zan taka," in ji shi. Yakan faɗa da dariya, amma ni na san tsoro ne fal a cikinsa. Mutumin da bai ji tsoron bam ba, tafiyar ƙasa da gurguwar ƙafa ita ke hana shi sakewa. Da baburan ƙanƙara suka shigo, masu neman akiyo suka ƙare. Ya tsufa, ƙirji ya kama shi, ya koma zaman bakin taga.

Wata ranar Afrilu a 1971, da hantsi, motar haya ta tsaya a bakin hanya, abin da ba ta saba ba. Tsofaffi bakwai suka fito, da manyan riguna irin na birni, wani da sanda, wani hannun rigarsa ɗaya a naɗe. Suka sauko da wani dogon abu daga saman mota, suka ɗaura igiya, suka jawo shi har ƙofar gida. Na gabansu dogo ne mai ɗingishi, ya naɗe kamar tabarma kafin ya shigo.

"Guntu," ya ce. "Baba Uula. Sai bana na san sunanka."

Uula ya kalle shi daga sama har ƙasa. "Tsawonka ya ragu da yatsa biyu, Dogo."

Da aka zauna, Ristiina ta zuba gahawa, Tauno ya ba da labari. Bayan an sauke shi a asibiti, an mai da akiyon bakin daga, ya yi ta aiki har yaƙi na biyu ya ƙare. Shi kuma Tauno da ƙafarsa ta warke a karkace aka ba shi aikin tsaron ɗakin ajiyar soja, a can ya tsinci akiyon cikin tarkacen da za a ƙone, ya kai shi gida. A cikinsa ya ga sunaye goma sha tara, waɗanda aka ɗauka a ciki suka karce da ƙusa ko bakin wuƙa. Su bai sha wuyar nemo su ba, don suna cikin takardun soja. Mai akiyon ne babu shi a ko'ina. Sai bana wata ma'aikaciyar jinya 'yar arewa ta zo gidansa wanke masa tsohon raunin, ta ga hancin akiyon a rumfa, ta karanta alamar kamar yadda ake karanta suna a jikin ƙofa. Ta ce tsaga biyu da gutsure ai kunnen barewar gidan Piera ne.

"Mu bakwai muka rage," in ji Tauno. "Cikinmu babu wanda ba shi da jika."

Uula ya sa aka kama shi aka fito da shi waje. Ya zagaya akiyon yana shafawa da yatsunsa takwas. Hancin ya goge, kwaltar ta tsattsage, amma ƙashin bayan da Piera ya zaɓa yana nan ko tsaga babu. Katakon akwatin harsashi ma yana nan, sai dai wani ya ƙara masa ƙusoshi, ya kafa sabon allo a ƙarshe. Ya bi sunayen ɗaya bayan ɗaya da ɗan yatsa, ko da yake bai iya karatu ba. Akiyon da ya hana kowa kwanciya a ciki, ashe mutum ashirin ya ɗauko daga bakin kabari, shi yana nan yana kukan an raba shi da shi. Abin ya yi masa girma har ya rasa inda zai sa kansa, sai ya koma faɗa.

"Wane maras kunya ne ya buga wannan allon?"

"Ni ne, Baba," in ji Tauno.

"Da gani. Burodi ma haka kake gasawa?"

Sa'an nan ya ce a kwantar da shi a ciki ya gwada. Ristiina ta ce, "Kai tsoho, ba ka da hankali? A gaban baƙi?" Amma ita ta ɗauko fatar barewa ta shimfiɗa. Suka kwantar da shi a hankali, kansa a wajen hanci. Ya miƙe ƙafafu iya miƙewa. Tsakanin tafin ƙafarsa da allon akwai gurbi fiye da kamu ɗaya.

Ya daɗe yana kallon sama. "Ya yi mini yawa," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "A gangara zan zame."

Tauno ya durƙusa da ƙyar a kan ƙafarsa mai lafiya. Ya cire safar hannunsa, duka biyun, ya danna su a ƙarƙashin diddigen Uula. Na kusa da shi ya cire tasa. Mai hannu ɗaya ya ciro tasa da haƙori ya miƙa. Haka suka yi ta cusawa, su bakwai, Ristiina ta ƙara da damin busasshiyar ciyawa, har gurbin ya cika ko tafin hannu ba zai shiga ba.

Uula ya tokara ƙafa ya ji tauri. Ya sake tokarawa da gurguwar.

"To me kuke jira?" ya ce. "Ku ja mu gani."

Suka ja shi, tsofaffi shida a gaba, hannuwa tsirara a cikin sanyi, suna tuntuɓe suna haki, har kan ɗan tudun da ke bayan gida inda ake hango tafki da duwatsun arewa. Tauno ne a igiyar baya. Da suka juyo gangara, Uula ya rufe ido, hawaye na bin kunnuwansa.

"Dogo, kada ka saki."

"Ba zan saki ba, Baba."

Ya cika bayan kwana goma sha ɗaya. Fasto sabon zuwa ne, ya zo da maganar akwatin gawa a bakinsa, amma da ya leƙa ya ga sunayen nan da safar hannu goma sha uku a wajen ƙafa, sai ya cire hularsa ya tambayi Ristiina tsawon ramin da za a haƙa.